Tsohuwar Supra a cikin kayan gado: nawa za a yi mata kuɗi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mahaifiyarmu da mu 'ya'yansa bakwai, biyu daga cikinmu ba su balaga ba. An raba gado lafiya, in ban da mota ɗaya, wato Toyota Supra ƙirar 1989, mai ƙofa biyu da fitilun gaba masu ɗagowa sama, wadda ya saya 'yar Kwatano tun muna yara. Ya daina hawanta kimanin shekara shida kafin rasuwarsa, tana nan a rumfar gida ba a tayar da ita. Wani dillali ya taya ta naira miliyan ɗaya da rabi, na ga kamar a sallama, sai ƙanena ya nuna mana a waya cewa ana sayar da Supra sama da dala dubu ɗari a Amurka, har ya fara zargin na haɗa baki da dillalin. Ni ne babba, kuma maganar ta fara raba kanmu. Don Allah mene ne ainihin darajar wannan mota, kuma yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya kuma albarkaci abin da ya bari. Na ji nauyin da ke kanka, domin babu abin da ya kai zargi ciwo idan ya fito daga bakin ɗan'uwan da kuka sha nono ɗaya, musamman a kan dukiyar da marayu suke da haƙƙi a cikinta. Shawarata ta farko ita ce kada ka sallama motar a wannan farashi yanzu, kada kuma ku gina wani buri a kan kuɗin da ƙanenka ya gani, saboda har zuwa yau babu ɗaya daga cikinku da ya san takamaiman abin da ke ajiye a rumfar nan, kuma ba a yi wa abu kuɗi sai an san shi.

Abin da ƙanenka ya gani gaskiya ne, amma labarin wata mota ce daban da taku. Kamfanin Toyota ya sa sunan Supra a kan zubi daban-daban na mota, kuma biyu daga cikinsu ne suka shafe ku. Akwai zubi na uku, wanda ake kira A70, da aka fara fitarwa a 1986, lokacin da aka raba Supra da motar Toyota Celica ta zama mota mai cin gashin kanta, aka kuma ci gaba da ƙera shi har farkon shekarun 1990. Shi ne mai fitilu masu ɗagowa sama da jiki mai kusurwoyi, kuma shekarar da ka ambata da irin fitilun da ka siffanta sun tabbatar da cewa shi ne naku. Sai zubi na huɗu, A80, wanda aka ƙera daga 1993 zuwa 2002, mai zagayayyen jiki da fitilun da ba sa motsi, kuma shi ne wanda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo. Dalilan tashin sanannu ne. Injinsa 2JZ-GTE, mai turbo biyu, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi, yana jure ƙarin ƙarfi fiye da kima ba tare da ya fashe ba, don haka masu gyaran motocin tsere suka ɗauke shi da daraja. An daina sayar da motar a Amurka a 1998 bayan tsada ta sa cinikinta ya ja baya, saboda haka ba ta da yawa a can. Sannan fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya dasa ta a zukatan samarin wancan lokaci, waɗanda yanzu sun manyanta, sun kuma sami abin hannu da za su sayi motar da suka yi mafarkinta suna yara.

Ko a cikin A80 ɗin ma, manyan kuɗaɗen da ake yaɗawa na motoci ne ƙalilan masu wani tarihi na musamman. A 2019 an yi gwanjon wata ƙirar 1994 mai turbo a Amurka a kan dala 173,600, amma motar ba ta yi tafiyar da ta wuce mil dubu goma sha ɗaya da 'yan kai ba a duk rayuwarta, kuma tana nan yadda ta fito daga kamfani. A 2021 an sayar da wata a kan dala 550,000, ita kuwa ɗaya ce daga cikin motocin da aka yi amfani da su a fim ɗin kansa. Ka zaunar da ƙanenka ku duba hotunan tare, ku kwatanta fitilu da shekara da lambar inji, zai ga bambancin da idonsa, kuma hakan ya fi gardama amfani. Ka kuma nuna masa cewa kuɗin da mai kaya ya rubuta a talla daban yake da kuɗin da aka biya aka ɗauki mota. Shafukan gwanjo irin su Bring a Trailer suna ajiye sakamakon cinikin da aka kammala tare da hotuna, don haka ku nemi na 1989 zalla, ku duba waɗanda aka sayar da gaske, za ku tarar ko mafi tsaftarsu tana nesa ƙwarai da waɗancan alƙaluma.

Wannan ba ya nufin taku ba ta da daraja. A70 tana da masoyanta, kuma tsadar ƙanwarta A80 ta sa wasu sun juyo kanta, har kamfanin Toyota da kansa ya koma ƙera wasu kayan gyaranta tun 2020 a ƙarƙashin shirin GR Heritage Parts, abin da kamfani ba ya yi wa motar da babu mai nemanta. Sai dai a cikin A70 ɗin akwai tazara mai faɗi tsakanin wata da wata, kuma a nan ne aikinku zai fara. Ka buɗe bonet ka nemi ƙaramin allon ƙarfe da kamfani ya manna, wanda ke ɗauke da lambar ƙira da ta inji da ta giya da ta launin fenti. Idan ka ga 7M-GE, injin lita uku ne mai silinda shida marar turbo, mai ƙarfin doki kusan 200. Idan kuwa 7M-GTE ne, to mai turbo ne, ƙarfinsa kusan 230, kuma shi masu sha'awa suka fi nema. Haka nan giyar hannu ta fi otomatik daraja nesa ba kusa ba a wajen irin waɗannan masu saye, kuma idan allon ya nuna R154, wato giyar hannu da ke zuwa da mai turbo, ka sani cewa ita kaɗai ma kaya ce da ake nema ana biyan kuɗi mai kauri a kanta. Ka duba kuma ko rufin motar irin wanda ake kwancewa a cire ne, domin wasu sun zo da shi. Mai turbo da giyar hannu da ke tashi lafiya, da marar turbo otomatik da injinta ya kama, sunansu ɗaya a takarda amma kuɗinsu ba ya kusantar juna.

Daga nan sai lafiyar injin, kuma ina roƙonka da babbar murya kada ka bari wani ya zo da batir ya murɗa makulli don a ga ko za ta tashi. Motar da ta shekara bakwai a tsaye, fetur ɗin da ke tankinta ya riga ya lalace ya zama danƙo, baƙin mai ya tsiyaye daga sassan sama na injin, robobi sun bushe, bel ɗin taimin ya tsufa ko da ba a yi tafiya da shi ba, kuma ba mamaki ɓeraye sun yi ɓarna a wayoyi. Tayar da ita a wannan hali na iya jawo lalacewar da babu ita a da. Ka samo bakanike mai natsuwa wanda ya saba da tsofaffin Toyota masu injekta, ka biya shi kuɗin dubawa kawai, ka kuma gaya masa tun farko cewa ba shi zai saya ba, ba kuma zai kawo mai saye ba, don kada ra'ayinsa ya karkata. Zai cire fulogai, ya ɗiga ɗan mai a cikin kowace silinda, ya sa sifana ya juya injin da hannu ya ji ko yana juyawa salin-alin ko ya kama. In ya juya, sai a zubar da tsohon fetur da tsohon baƙin mai, a zuba sabo, sannan a gwada tayarwa.

Akwai ciwo ɗaya da aka san injin 7M da shi a duk duniya, wato ƙonewar gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, kuma masana sun daɗe suna danganta shi da rashin ɗaure kusoshin kan injin da ƙarfin da ya kamata tun daga kamfani. Duk mai saye da ya san motar, tambayarsa ta farko ke nan. Ka tsaya kusa da bakaniken lokacin da zai buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka duba bayan murfin: idan ka ga wani abu mai kauri mai launin shayi da madara ya manne a jiki, alama ce ta ruwa ya gauraya da mai. Bayan ta tashi ta ɗan yi zafi, a lura ko kumfa na ta tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, ko farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa bai daina ba, ko allurar zafi na hawa. Sannan a auna matsin kowace silinda da ma'auni a rubuta sakamakon a takarda, domin wannan takarda za ta yi muku magana a gaban mai saye fiye da duk wani rantse-rantse. Yana da kyau ka tambayi mahaifiyarku ko ta tuna dalilin da ya sa marigayi ya ajiye motar, tunda sau da yawa amsar tana cikin gida: idan ta ce yawan zafi take yi, to kun riga kun san inda matsalar take.

Abu na gaba shi ne abin da aka taɓa a jikinta cikin shekarun da ta yi a hannun makanikanmu. Mun san yadda ake yi wa tsofaffin motoci a nan idan kayan gyara sun yi wuya: a cire injin asali a dasa na wata mota, a mayar da mai injekta ta koma kafireto, a yanke wayoyi a haɗa fanka kai tsaye, a jefar da abin da ke daidaita zafin ruwa. Wannan dabara tana sa mota ta ci gaba da tafiya, amma a idon mai tara tsofaffin motoci kowace ɗaya ragi ce a farashi, kuma canjin inji shi ne ragi mafi girma. Jikin motar kuwa yana iya zama babban jarinku, saboda busasshiyar iskar Arewa ba ta cin ƙarfe kamar ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Amma tunda 'yar Kwatano ce, wataƙila ta yi shekarunta na farko a Turai, don haka a ɗaga kafet, a cire safaya taya a duba ƙasan but, a leƙa bakin tayoyin baya da ƙarƙashin ƙofofi a nemi tsatsa. A bi jikin da ɗan maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa akwai cikon da aka shafe da fenti bayan wani karo. Rana kuma tana da tata ɓarnar, ita ce fasa dashbod da busar da kujeru da robobin gilashi, kuma irin waɗannan kayan ciki sun fi na inji wuyar samu.

Yanzu sai maganar dillali. Ban ga dalilin ɗaukarsa macuci ba don ya taya ƙasa, domin lissafinsa na kasuwar da yake ciki ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai neman mota a garuruwanmu yana tambayar shan mai kafin komai, yana son Corolla ko makamanciyarta wadda kowane gareji ya san ta, kayanta kuma suna kowace kasuwa. Mota mai ƙofa biyu da injin lita uku, wadda cikinta ke kusa da ƙasa, kujerun bayanta ba sa ɗaukar babban mutum cikin walwala, ba ta haya, ba ta kai iyali biki, ba ta cikin abin da wannan mai saye yake nema. Dillalin ya san zai iya ajiye ta wata da watanni, bai san halin injin ba, don haka ya taya ta a farashin da ko ta ƙi tashi ba zai yi asara ba. Tayinsa shi ne ƙasan farashi, wato abin da za ku samu idan kuna son kuɗi gobe ba tare da wahala ba. Mai sayen da zai biya fiye da haka yana nan, amma ba a bakin titin unguwarku yake ba: yana cikin 'yan tsirarun masu sha'awar tsofaffin motoci da masu wasan mota a Legas da Abuja da Kano, waɗanda ke da zaurukansu a Instagram da Facebook da WhatsApp, kuma mota mai jan tayoyin baya da silinda shida irin wannan tana jan hankalinsu. Kai wa gare su yana bukatar hotuna masu kyau da bayani na gaskiya da haƙuri.

Na san ƙanenka zai ce a fitar da ita waje. A bisa doka Amurka tana barin a shigo da motar da ta cika shekara 25 ba tare da an tilasta mata cika ƙa'idojin sababbin motoci ba, kuma taku ta wuce wannan shekaru. Amma wannan ƙofa ta fi amfanar motocin da ba a taɓa sayarwa a can ba, irin su Nissan Skyline GT-R, alhali A70 an sayar da ita da yawa a Amurka da Turai, mai nemanta a can yana da zaɓi a kusa da shi, da takardun tarihin gyara, ba sai ya yi kasadar sayen wadda bai gani ba daga wata nahiya. Idan aka haɗa kuɗin ɗaukarta zuwa tashar jiragen ruwa a Legas, da kuɗin kwantena, da na wakilai, da harajin can, da kason masu gwanjo, abu ne mai sauƙi a wayi gari ribar ta narke. Ban ga hikimar bin wannan hanya da dukiyar magada ba, sai fa idan bincike ya nuna mai turbo ce da giyar hannu, komai nata na asali, sannan wani mai saye daga waje ya yarda ya biya a nan ya ɗauki nauyin jigilar da kansa. Ku yi hattara da wanda zai turo saƙo daga waje ya amince da farashi ba ciniki, sannan ya ce ku fara tura kuɗin jirgi ko na wakili. Wannan tsohuwar damfara ce.

Game da gyara kafin sayarwa, ra'ayina shi ne a kashe kaɗan a tsaya. Kuɗin dubawa, batir, mai, wanki mai kyau, da ƙananan abubuwan da za su sa ta tashi ta motsa, waɗannan suna dawo da kansu, saboda motar da aka ji ƙarar injinta ta fi wadda ake cewa "lafiyarta ƙalau aka ajiye ta" kuɗi sosai. Amma kada a yi mata sabon fenti, kada a sake ɗinkin kujeru, kada a shiga buɗe inji. Wanda ya san mota ya fi son ya ga fentin asali ko da ya koɗe, domin sabon fenti yana sa shi zargin an ɓoye wani abu, kuma cikakken gyaran irin wannan mota yakan ci fiye da abin da za a sayar da ita. Ku tattara duk abin da marigayi ya ajiye nata, makullai na asali, littafin da ta zo da shi, rasitai, tsofaffin kayan da aka cire, har da takardun kwastan da na rajista, ku tabbatar lambar shasi da ke takarda ta yi daidai da ta jikin mota. Tunda sunan mahaifinku ne a takardun, za ku bukaci shaidar kotu ko ta magada da ke ba ka ikon sayarwa, kuma rashin wannan kaɗai yana iya korar mai saye na kirki. Duk aibin da bakanike ya gano, ku faɗe shi a fili. Addini ya hana ɓoye aibin kaya, kuma masu sayen irin wannan mota sun fi sakin kuɗi ga wanda ya gaya musu gaskiya tun farko.

Saura abin da ya fi motar muhimmanci a wasiƙarka, wato zargin da ya shiga tsakaninku. Kada ka ci gaba da ɗaukar wannan magana kai kaɗai. Ka tara magada gaba ɗaya a gaban mahaifiyarku da wani babba daga dangin mahaifinku, tare da malamin da ya raba muku sauran gadon, a amince a rubuce kan kuɗin da za a kashe wajen dubawa da inda za a ciro shi. Sannan ka damƙa wa ƙanenka aikin neman mai saye, tunda shi ya fi sanin hanyoyin intanet kuma shi ne yake ganin motar ta fi abin da aka taya. Ya kasance a wurin ranar da bakanike zai duba, shi ya ɗauki hotuna, shi ya amsa masu tambaya. Idan ya samo farashi mai kyau, kowa ya amfana, har da marayun, kuma ya cancanci godiya. Idan bai samu ba, kasuwa ce ta ba shi amsa, kai kuma ka fita daga zargi. A sa wa'adi, wata uku ya wadatar a ganina, a kuma nemi tayi aƙalla daga mutum uku da ba su san juna ba, a rubuta kowanne da sunan mai tayin da ranar. Kada wani daga cikinku ya sa aboki ya yi tayin ƙarya don a ɗaga farashi, domin wannan ma haramtacce ne a ciniki.

Idan wa'adi ya cika, mafi girman tayin gaskiya da aka samu shi ne darajar motar, kuma a kansa za a yi hukunci. In akwai wanda zuciyarsa ba ta son motar mahaifinsa ta bar gida, ko kai ko ƙanen naka, yana da damar ya ɗauke ta a wannan farashi ya biya sauran magada kasonsu, da sharaɗin kowa ya yarda kuma waliyyin yaran nan biyu ko alƙali ya tabbatar ba a tauye su ba. In kuwa sayarwa za a yi, kada motar ta bar gida zuwa filin wani dillali ba tare da yarjejeniya a rubuce da hotunan kayan da ke jikinta ba, a yanke la'adarsa tun kafin ciniki, kada kuma a miƙa makulli da takardu sai ka tabbatar daga bankinka cewa kuɗin sun shiga asusu, ba da saƙon waya kaɗai ba. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a sa mai saye ya canja sunan mallaka, sannan a raba kuɗin a zama ɗaya a gaban waɗanda suka halarci zaman farko.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya jiƙan mahaifinku. Wassalam.